Ɗanɗano Ake Bayarwa, Ba Tsire Duka Ba

Matasanmu da yawa masu takardar NCE ko digiri suna zuwa ganawar neman aikin koyarwa a makarantu masu zaman kansu. A wasu wurare akan ce wa mai nema ya je gida ya rubuto tsarin darussa na zango guda cur. Ya kwana uku yana rubutu, ya miƙa, a ce za a neme shi. Shiru ke nan, amma takardunsa sun shiga aji.

Mai tsire yakan yanka maka ɗan ɗanɗano don ka san hannunsa, amma tsinke sai da kuɗi. Haka ya kamata mai neman aiki ya yi. Gani ya kori ji: ka roƙi a ba ka allo da alli, ka koyar da darasi ɗaya na minti 40 a gabansu. Ka faɗi yadda za ka taimaki yaron aji uku da bai iya karatu ba. In an nemi tsarin zango duka, ka amsa cikin ladabi: "Ranka ya daɗe, ga na mako ɗaya, sauran zan kammala in na kama aiki."

Ka kuma sani, dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022 tana kare abin da ka rubuta, amma ba ta kare dabarar da ka faɗa da baki. Saboda haka ka sa sunanka da kwanan wata a kowane shafi, ka ajiye kwafi a gida.

Ku kuma masu makarantu, in kun sa mutum aikin kwana uku, ku biya shi guminsa.