Littattafai shida da suka shafi gardamar da ake yi a fada kullum

Da la'asar ta yi a Maraɗi ko Damagaram, matasa kan shimfiɗa tabarma a fada, a ɗora butar shayi a kan gawayi, sai hira ta ɓalle. Batutuwan ba su cika canzawa ba: abin da Faransa ta yi a ƙasar nan, makomar kuɗin sefa, hanyar Libiya, da tsadar aure. Irin wannan gardamar ce ke ci gaba da dare a zaurukan WhatsApp, inda 'yan Nijar mazauna Aljeriya, Abijan, Beljiyam da Amurka ke tsoma baki. Sai dai sau da yawa hujjar da ake kafawa ba ta wuce wani gajeren bidiyo ko saƙon murya da ba a san mafarinsa ba. Alhali a shekarun baya-bayan nan an wallafa littattafai da suka bi waɗannan batutuwa daki-daki. Ga shida daga cikinsu, huɗu na bincike, biyu ƙagaggun labarai.

Yadda Damagaram ta faɗa hannun Turawa

A 2021 masaniyar tarihi Camille Lefebvre ta fitar da Des pays au crépuscule, wanda ya tsaya a kan birane biyu, Damagaram da Agadas, a daidai lokacin da mamaya ta iso. A 1898 aka kashe Kyaftin Cazemajou a Damagaram. A 1899 dakarun Faransa suka yi galaba a Tirmini, daga baya aka kashe Sarki Amadu Kuran Daga. Tambayar littafin ita ce: ta yaya sojojin Faransa ƙalilan, da 'yan ɗaruruwan sojojin Afirka da ke ƙarƙashinsu, suka mallake manyan birane irin waɗannan? Marubuciyar ba ta tsaya ga rahotannin hafsoshin Faransa ba, ta haɗa da wasiƙu da bayanan da mutanen ƙasa suka bari da Larabci da Hausa. Mai karatu zai ga fatake, malamai, bayi da fadawa, kowa da nasa lissafin. Zaluncin 'yan mamaya ya fito fili, haka ma rarrabuwar kan cikin gida da suka ci moriyarta.

Asalin sefa

Wanda ke son ya yi maganar sefa da hujja zai amfana da L'arme invisible de la Françafrique, na 'yar jarida Fanny Pigeaud da masanin tattalin arziki ɗan Senegal Ndongo Samba Sylla, wanda ya fito a 2018. Sun faro daga ƙirƙirar kuɗin a watan Disamba na 1945, suka bi ta karya darajarsa da rabi a Janairun 1994, har zuwa ɗaure shi da yuro a kan sefa 655,957. Sun yi bayanin yadda ake ajiye rabin kuɗaɗen waje na ƙasashen a baitulmalin Faransa, da yadda wannan ɗauri ke taƙaita bashin da bankuna ke ba manoma da 'yan kasuwa. Marubutan ba su ɓoye adawarsu da tsarin ba. Littafin kuma ya riga gyaran da aka sanar a Disamban 2019, wanda ya soke wajabcin waccan ajiya ga ƙasashen UEMOA. Duk da haka, tushen gardamar yana cikinsa.

Me ya sa ayyukan raya ƙasa ke cijewa

Jean-Pierre Olivier de Sardan, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa cibiyar bincike ta LASDEL a Yamai, ya tattara aikin shekaru da dama a La revanche des contextes, a 2021. Ra'ayinsa shi ne, ana tsara shiri a ofisoshin ƙetare, a kawo shi ƙasashe da yawa da fasali guda, sai ya ci karo da yadda ma'aikata da jama'a ke gudanar da al'amuransu a zahiri. Binciken LASDEL a kan kula da yara 'yan ƙasa da shekara biyar kyauta, wanda Nijar ta fara a 2006, misali ne: doka ta ce kyauta, amma jinkirin mayar wa asibitoci kuɗinsu ya sa magani ya riƙa yankewa. Littafin yana da nauyi, ba na karantawa a zama ɗaya ba ne. Amma matashin da ke aiki da ƙungiyoyin agaji, ko mai neman aikin gwamnati, zai ga ofishinsa a ciki.

Bayan an wuce Agadas

A watan Agustan 2018 wani ɗan Eritiriya da ke tsare a Tirabulus ya aika wa 'yar jaridar Ayilan Sally Hayden saƙo ta Facebook. Daga nan saƙonni suka yi ta zuwa daga wasu tsararrun, ta wayoyin da suke ɓoyewa. Da su ta gina My Fourth Time, We Drowned, wanda ya fito a 2022 ya kuma ci kyautar Orwell a shekarar. Littafin ya nuna abin da ke samun waɗanda dakarun tsaron tekun Libiya, masu samun tallafin Tarayyar Turai, ke kamawa a mayar da su gidajen tsarewa: yunwa, tarin fuka, azabtarwa don a tatsi kuɗin fansa daga dangi. Akasarin masu ba da labarin 'yan gabashin Afirka ne, amma wuraren su ne dai waɗanda ɗan Tawa ko Kance ka iya tsintar kansa a ciki. Nijar ma ta shigo labarin, domin a 2017 aka fara kwaso wasu daga cikin tsararrun zuwa nan.

Haƙurin da ake ɗora wa mata

Djaïli Amadou Amal 'yar Marwa ce a arewacin Kamaru, kuma an yi mata aure tana da shekara 17. Labarinta Les Impatientes ya ci kyautar Goncourt ta ɗaliban sakandare a 2020. Mata uku ne ke magana a ciki. Ramla na son ta zama mai harhaɗa magunguna, aka raba ta da saurayinta aka ba wani attajiri. An aurar da 'yar'uwarta Hindu ga ɗan baffanta mashayi mai duka. Safira kuwa ita ce uwargidan da aka yi wa kishiya da Ramla. Kalmar da ake nanata musu ita ce munyal, wato haƙuri da Fulatanci. Duk wanda ya taɓa halartar nasihar amarya a Maraɗi ya san wannan kalma. Littafin bai yi wa Safira hukunci ba, ya bar mai karatu ya ga tsoron da ke tura ta wurin bokaye.

Kaɗaicin gwauruwa

Season of Crimson Blossoms na Abubakar Adam Ibrahim, haifaffen Jos, ya fito a 2015, ya ci babbar kyautar adabi ta Najeriya a 2016, kuma akwai shi da Faransanci da sunan La saison des fleurs de flamme. Hajiya Binta, mai shekara 55 da mijinta ya rasu a rikicin Jos, ta faɗa soyayya da Reza, shugaban 'yan daba wanda bai kai rabin shekarunta ba. Wasu za su ga labarin ya wuce gona da iri. Amma abin da ke tsaya wa mai karatu a rai shi ne ɗanta na fari, wanda alkunya ta hana ta kiran sunansa ko nuna masa so har ya mutu. A gefe guda, ana ganin yadda 'yan siyasa ke amfani da matasa marasa aiki, su yar da su bayan zaɓe.

Matsalar samu

Babban cikas shi ne tsada da harshe. Sabon littafi a Faransa kan kai yuro 20, sama da jika 13 ke nan kafin kuɗin kawowa, kuma duka shidan da Faransanci ko Turanci aka rubuta su. Nan ne 'yan ci-rani ke da rawar takawa. Wanda ke tahowa gida hutu da wayoyi da turare zai iya sa littafi biyu a jakarsa, musamman ƙaramin bugun aljihu mai rahusa. Kwafi ɗaya ya ishi fada guda, idan wanda ya karanta babi zai fassara wa sauran da Hausa kafin shayi na uku ya sauka.