Dutsen Dala ba ya aman wuta, amma a lura da rijiya

Duk sanda hoton wani dutse mai aman wuta ya zagaya a wayoyi, sai ka ji wani a majalisa ya ɗaga kai ya dubi Dala ya ce, "Anya wannan ma ba zai tashi wata rana ba?" To, mai gida a gindin Dala ya yi barcinsa. Dala da Goron Dutse ragowar tudu ne da marmara ta rufe musu kai, ruwa da iska suka zaizaye kewayensu suka bar su a tsaye. Wutar da aka sani a Dala ta maƙera ce, masu narka tama tun wajen ƙarni na 7. A jihar Kano, duwatsun Riruwai na ƙaramar hukumar Doguwa ne ke da asalin aman wuta, su ma sun mutu fiye da shekara miliyan 150, kuzar da ake haƙa can gadonsu ce.

Mai rai yana maƙwabta. Dutsen Kamaru, wanda garin Buea ke kwance a jikinsa, ya haura mita 4,000. Ya yi amai a 1909, 1922, 1954, 1959, 1982, 1999 da 2000. A na 1999 narkakken dutse ya gangaro har ya datse titin bakin teku kusa da Bakingili, yamma da Limbe. Sai dai tafiyarsa ta hawainiya ce, an samu kwashe mutane. Dutsen ɗaya ne cikin jerin da ya taso daga tsibiran tekun Atlantika ya miƙe har tudun Biu a Borno.

Wanda ya yi ɓarna babu wuta a cikinsa. Tafkin Nyos, a arewa maso yammacin Kamaru, ruwa ne da ya cika bakin tsohon dutse. Daga ƙarƙashinsa iskar kabon, irin wadda ke sa lemon kwalba kumfa, ta yi ta taruwa shekara da shekaru. Daren 21 ga Agusta 1986 tafkin ya yi kamar kwalbar da aka girgiza aka buɗe. Iskar nan ba ta da launi, ta kuma fi wadda muke shaƙa nauyi, don haka ta bi kwari tana malala kamar ruwa. Gari ya waye mutum 1,746 sun rasu, galibi a kan shimfiɗarsu, da dabbobi kusan 3,500, da yawa shanun Fulani ne. Tun 2001 aka kafa bututu ana rage iskar. Ruwan yankin kuwa kogin Katsina-Ala yake faɗawa (ta Binuwai, ba Katsinar Dikko ba), kuma fargabar ɓallewar tafkin na cikin dalilan gina madatsar Kashimbila a Taraba.

Direba ko ɗan kasuwan da hanya ta kai shi can, in ya ga fitila ta mutu haka kawai, tsuntsaye na faɗowa, dabbobi na zubewa, tudu zai nufa, ba gangare ba. In toka ce ke sauka, a rufe hanci da jiƙaƙƙen ƙyalle.

Abin da ya sa na kawo zancen cikin badala shi ne, wannan iskar tana kwanciya a ƙasan tsofaffin rijiyoyinmu. Tsofaffin masu yasa kan zura fitila da igiya tukuna. In ta mutu, ba mai sauka. Shadda da masai kuwa kada a kai musu wuta, tasu iskar tana iya kamawa. Guga ya faɗa, yaro ya shiga ɗaukowa ya yi shiru, wansa ya bi shi, maƙwabci ya bi wan: haka gida ɗaya ke fitar da gawa uku. In na ciki ya daina amsawa, a tare bakin rijiyar, a kira 'yan kwana-kwana.