3.2 Koyarwa a Wajen Aji da Ƙere-ƙeren Yara a Yankin Kwanyawa

3.2.1 Gabatarwa

Wannan sashe zai yi bayani a kan koyarwa a wajen aji, wato fitar da ɗalibai zuwa gona ko daji ko bakin ruwa domin su koyi darasi ta hanyar gani da taɓawa da ƙera wani abu da hannunsu. An taƙaita bayanin a kan Kwanyawa, ɗaya daga cikin mazaɓun Ƙaramar Hukumar Ƙaraye, da ƙauyukan da ke tsakanin Ƙaraye da Rogo.

3.2.2 Asalin Tsarin

A ƙasashen Turai an san wannan tsari da sunan makarantar daji. Ya fara bunƙasa a ƙasar Denmak a shekarun 1950, sannan ya shiga Ingila a farkon shekarun 1990. Sai dai kuma ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Makarantar allo tun asali a inuwar bishiya ko a rumfa take zama, kuma kayan karatunta daga daji ake samo su. Ana sassaƙa allo da itace irin su aduwa, ana fiƙe alƙalami daga gamba, ana haɗa tawada da gawayi da ƙaro. Almajirin da ya haɗa tawadarsa da kansa dole ne ya san itacen da ke fitar da ƙaro da lokacin da ake samunsa.

Haka nan wasannin yara. Bayan girbi yara kan ƙera motoci da karan dawa, su gina shanu da raƙuma da yumɓu, 'yan mata kuma su koyi saƙar faifai da kaba. Ta haka yaro ke sanin muhallinsa.

3.2.3 Dalilan Faɗaɗa Shi

Manhajar ilmin bai-ɗaya ta shekara tara, wadda aka fara aiki da ita a 2008, ta ƙunshi darasin al'adu da ƙere-ƙere da na aikin gona. Amma sau da yawa a kan allo kawai ake koyar da su, saboda rashin kayan aiki da yawan ɗalibai. A wannan yanki kuwa kayan aikin suna nan a bayan makaranta. Akwai kuka da ɗorawa da tsamiya da gawo a gonaki, ga kuma madatsar ruwa ta Challawa da aka kammala a 1992 a ƙasar Ƙaraye.

Dalili na biyu shi ne raguwar itatuwa sakamakon sarar itacen girki da faɗaɗa gonaki. Idan itace ya ɓace, sunansa da amfaninsa sukan bi shi. Yaron da bai san bagaruwa ba, ba zai san cewa da 'ya'yanta ake jima ba, balle ya damu idan an sare ta. Wannan asara ce ga muhalli da kuma harshen Hausa.

3.2.4 Hanyoyin Aiwatarwa

Na farko, malami ya riƙa fita da ajinsa sau ɗaya a mako. Misali, a kai ɗalibai gindin gawo da damina su zana shi, a sake komawa da rani su sake zanawa. Da kansu za su gano cewa gawo da damina yake kaɗe ganye, da rani kuma ya yi kore, kuma shi ya sa amfanin gona ke kyau a ƙarƙashinsa.

Na biyu, a gayyato masu sana'a na gari, kamar magina tukwane da masaƙa tabarmi da masassaƙa, su nuna wa yara aikinsu a inda suke samo kayansa.

Na uku, kowane aji ya dasa bishiyoyi, ya rubuta sunayensu, ya kuma tattara karin magana da kacici-kacicin da suka shafe su daga bakin dattawa.

3.2.5 Matsaloli

Wasu iyaye suna ganin fita daji wasa ne ba karatu ba, don haka wajibi ne a fara da shawarar mai unguwa da ƙungiyar iyaye da malamai. Har ila yau, bakin madatsar ruwa yana da haɗarin nutsewa da cutar tsargiya, saboda haka kada a bar yara su shiga ruwa.

3.2.6 Kammalawa

Daga bayanan da suka gabata za a fahimci cewa faɗaɗa wannan tsari a Kwanyawa ba ya buƙatar sabon gini ko kayan waje. Abin da ake buƙata shi ne horar da malamai da kuma ware masa lokaci a jadawalin makaranta.