Yaƙi da Zazzaɓin Cizon Sauro a Borno

Zazzaɓin cizon sauro cuta ce da macen sauro ke ɗaukowa daga jinin mai ciwo ta zuba wa mai lafiya. A Jihar Borno yakan yi ƙamari ne daga Yuli zuwa Oktoba, lokacin da ruwan damina ke kwanciya a kududdufai. Dama Nijeriya ce ke da kusan kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da shi a duniya, sai ga rikicin Boko Haram da ya ɓarke a 2009 ya ƙara dagula al'amarin.

Zuwa ƙarshen 2016, wajen kashi biyu cikin uku na asibitocin jihar sun rushe ko sun lalace, ma'aikata da dama sun tsere. Jama'a suka cunkushe a sansanonin gudun hijira a Maiduguri, Monguno, Bama da Dikwa. A bukkar tamfol ba a samun inda za a ɗaura gidan sauro yadda ya kamata, feshin magani kuwa bango yake bukata. Yaron da tamowa ta riga ta ci ƙarfinsa, zazzaɓin kwana biyu ya isa ya jefa shi cikin jijjiga da ƙarancin jini. A 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa babu cutar da ta kai wannan kisa a jihar.

Tun da marar lafiya ba ya iya zuwa asibiti, sai aka kai masa maganin har ƙofa. A shekarar ta 2017 aka yi amfani da ma'aikatan ɗigon shan-inna, waɗanda suka san lungu da saƙo, suka raba wa yara wajen miliyan 1.2 maganin zazzaɓi. Daga nan riga-kafin damina ya kankama: kowane wata ana ba yaro mai wata 3 zuwa 59 ƙwayoyi na kwana uku. Ana narka na ranar farko a cokali a ba shi a gaban ma'aikaciya, uwa ta ba da sauran a gida, a rubuta a kati.

Masu juna biyu suna karɓar nasu riga-kafin a wurin awo. Wanda jikinsa ya yi zafi kuma akan soki ɗan yatsansa a ɗiga jini a kan abin gwaji, sakamako ya fito cikin minti ashirin. In ciwon ya tsananta, sai allurar artesunate.

Da sauran rina a kaba. Ƙauyukan da ke bakin dajin Sambisa da tsibiran Tafkin Chadi suna da wuyar shiga, kuma wata guda da aka tsallake yana barin yaro babu kariya. Fashewar madatsar Alau a Satumbar 2024 ta bar unguwannin Maiduguri cikin ruwa ana tsakiyar lokacin sauro, lamarin da ya sa aka sake bin matsugunan wucin gadi da magani da gidajen sauro.