KAYAN AIKIN ASIBITI A ZAFIN BAZARA: MAIGIDA, DUBA KAFIN KA YANKO YADI



Maigida, idan a gidanka akwai mai aikin asibiti, wannan saƙo naka ne. Ko matarka ce ungozoma, ko ɗiyarka ce ta gama makarantar koyon aikin lafiya ta Gwadabawa aka tura ta asibitin sha-ka-tafi, ko ƙanenka ne nas a Babban Asibitin Isa ko na Sabon Birni. Sau da yawa kai ne kake shiga kasuwa ka yanko yadin yunifom, ko ka ba da saƙo a taho da shi daga Sakkwato ko Kantin Kwari. Me kake dubawa? Sauƙin kuɗi da ƙyalli. Ita kuwa a cikinsa za ta wuni, wani lokaci ta kwana.

Ba sai an gaya maka halin da gabashin Sakkwato yake ciki ba. Ma'aikata sun yi ƙaranci, hanya ba ta biyuwa da dare, wanda ya karɓi aiki da la'asar yakan kai wayewar gari bai samu mai canjinsa ba. Daga Maris zuwa Mayu kuma zafin yankin nan yana haura digiri 40, wasu ranakun ya doshi 45. A daidai lokacin ne sanƙarau da ƙyanda suke cika gadaje.

*YADDA JIKI YAKE SANYAYA KANSA*

Jikin ɗan Adam yana zama a wajen digiri 37. Idan iskar ɗaki ta fi fata zafi, hanya ɗaya ce ta rage masa: ya yi gumi, gumin ya bushe. Lura da kyau, bushewar ce take sanyaya jiki, ba fitowar gumin ba. Mai aiki a tsaye cikin irin wannan zafi yana iya zubar da lita guda a awa ɗaya. Idan tufar da ke jikinsa ta tsare gumin nan ta hana shi tashi, ruwan jikinsa ya tafi a banza, zafin kuma yana nan yana taruwa a ciki.

Kada ka ɗauki abin wasa. A farkon Afrilun 2024, cikin azumi, zafi ya kai digiri 48.5 a garin Kayes na ƙasar Mali, kuma asibitin Gabriel Touré da ke Bamako ya ƙirga mutuwar mutum 102 a kwana huɗun farko na watan. Yanayinsu da namu ɗaya ne. A Suratun Nahli, aya ta 81, Allah Ya lissafa tufafin da ke kare mu daga zafi cikin ni'imominSa. Ka ga ashe tufar da ke ƙara wa mutum zafi ba ta yi aikin da aka yi ta dominsa ba.

*AUDUGA KO MAI ROBA?*

Zaren auduga yana shan ruwa. Zaren roba, wato foliyesta, kusan ba ya sha ko kaɗan. Shi ya sa yadin roba zalla yake manne wa baya, yana santsi, kafin azahar ya fara tashin wari. Amma shi ne ya cika kasuwa, domin ya fi araha, ba ya yamutsewa, kuma launinsa ba ya koɗewa da wuri.

Mai shago zai rantse maka cewa kotin ne zalla. Wataƙila shi ma haka aka gaya masa. Kada ku yi gardama, ka roƙi ɗan ƙyalle daga gefen bandir ka kyasta masa ashana. Auduga tana ci kamar takarda, warinta irin na takarda, ta bar toka mai laushi da za ka murje da yatsa. Mai roba yana ƙanƙancewa ya guje wa wuta, ya narke, ya bar ɗan dunƙule baƙi mai tauri da warin leda. Idan ka ga toka da ɗan dunƙule tare, gauraye ne. Gwaji na biyu ba ya ma bukatar wuta: ɗiga ruwa a kai. Idan ya shige nan take, madalla. Idan ya tsaya yana gangarawa kamar a ganyen gwaza, ajiye musu kayansu. Sai dai sabon yadi yakan zo da sitaci, don haka gwajin ruwa ya fi gaskiya bayan wanki ɗaya.

To amma kada a ce auduga zalla ce magani a kowane lokaci. A bazara iskarmu busasshiya ce, gumi yana tashi da sauri, nan auduga ba ta da na biyu. Da damina ta kankama, Yuli zuwa Satumba, iska ta yi nauyi da laima, auduga takan jiƙe ta ƙi bushewa, a jiki da kan igiya duka. Wanda aka wanke da dare ba lallai ya bushe kafin asuba ba. A nan gauraye ya fi, musamman wanda auduga ta fi yawa a ciki. Wanda ya fi yawa a kasuwa shi ne mai kashi 65 roba, 35 auduga. Ana iya maneji da shi da damina da hunturu, amma ni ba zan ba da shawarar a sa shi a watan Afrilu a ɗakin da fanka ba ta juyawa ba.

Ɗaga yadin ka duba shi ta hasken ƙofa. Wanda ya yi kauri kamar kakin soja zai dafa mutum. Wanda ya yi shara-shara kuma, da gumi ya jiƙa shi zai nuna jiki, sai tela ya ce bari a sa masa shafi, shafin kuma na roba ne. An gudu ba a tsira ba. Nemi matsakaici mai saƙa a matse amma marar nauyi, wanda ba ya bukatar shafi. Kuma a jiƙa shi ya bushe kafin a kai wa tela, don auduga tana tsukewa a wankin farko.

Maganar launi ba ta da tsawo, domin asibiti ne yake yanke wanda kowane rukuni zai sa. Hadisi ya kwaɗaitar da sa fararen tufafi, kuma fari ya fi sauƙi ga mai tafiya cikin rana, kamar masu zagayen rigakafi. A cikin ɗaki kuwa, irin yadi da ɗinki sun fi launi tasiri. Kore da shuɗin da kake gani a ɗakin tiyata an zaɓe su ne don farin ƙyalle yana kashe ido a ƙarƙashin fitila mai ƙarfi, idon da ya daɗe yana kallon jini kuma yana hutawa a kan kore.

Idan gwanjo aka samu, babu laifi, akwai masu kyau a cikin dila. A karanta ɗan ƙyallen da ke wuya, a nan ake rubuta kason auduga.

*ABIN DA ZA A GAYA WA TELA*

Ɗinki ya zama da walawa, iska ta samu hanyar shiga ta ƙasa ta fita ta wuya. Wannan ya dace da sutura ta Musulunci, ya kuma dace da lafiya. Riga ta sauko ta rufe mazaunai, a tsaga gefe kaɗan don a iya durƙusawa a ɗaga majinyaci. Wando ya samu faɗi a cinya da hantsa, a sa masa mazagi. Roba mai matse ƙugu ita ce take fara haifar da ƙurajen zafi. Ƙafar wando kada ta ja ƙasa, kasan asibiti ba tsakar gida ba ne.

Hannun riga shi ne inda ake samun taƙaddama. Ƙa'idar tsabta tana son a wanke hannu har sama da wuyan hannu kafin a taɓa majinyaci da bayan an taɓa shi, mace kuma tana son ta rufe damtsenta. A Ingila sun kafa dokar barin hannu a buɗe daga gwiwar hannu zuwa ƙasa a 2007, daga baya suka yarda Musulma ta sa hannun riga na yarwa a kai. Mu nan tela zai iya warware matsalar. Ya yi dogon hannu marar faɗi, da maɓalli ko 'yar roba mai laushi a baki, yadda za a tura shi sama lokacin wanke hannu ko karɓar haihuwa, a sauke idan an gama. Hannu mai faɗi irin na buba yana sharar ciwo, ya shari kwanon magani, ya kai wa na gado na gaba.

Haka hijabi. Hukumar kula da aikin jinya da ungozoma ta Najeriya ta amince da hijabi ga ma'aikaciya Musulma tun 2002, don haka ba alfarma ake mata ba. Amma na aiki daban, na fita unguwa daban. Dogon hijabi har gwiwa, idan ta sunkuya kan majinyaci, bakinsa ne zai fara shiga jini. Na aiki ya tsaya a kafaɗa ya rufe ƙirji, ko a cusa shi cikin wuyan riga, ya zama na zurawa ba mai fil ko allura ba. Idan ta tashi, ta ɗora babban a kai ta taho gida. Yadinsa ya fi na riga muhimmanci ma, domin kai da wuya suna gumi sosai. Hijabin roba mai talewa, ga hula a ciki, ga takunkumi a fuska, awa goma sha biyu, wallahi azaba ce. Maigida, wannan ba wurin tsumulmula ba ne.

*NA CIKI DA TAKALMI*

Uwargida, wannan ɓangaren naki ne. Matsattsen wandon roba da ake sawa a ƙarƙashin yunifom yana tara ɗumi da laima, abin da ƙwayar fangas take so kenan. Daga nan ake samun ƙaiƙayin matsematsi da na ƙarƙashin mama, a yi ta shan maganin sanyi ba a daina ba, alhali wandon ne. Na ciki ya zama auduga, a tafi da na canji a jaka. Hoda tana taimakawa a busasshiyar fata, amma idan aka barbaɗa ta kan gumi sai ta dunƙule ta toshe ƙofofin gumin.

Takalmi ya rufe yatsu da saman ƙafa. Silifas da takalmin roba mai huji-huji a sama suna da daɗi, amma allura idan ta faɗo ba ta sallama, haka jini da ruwan haihuwa. Bayan alwala a tsane tsakanin yatsu sosai kafin a mayar da safa. Ƙafar da ake jiƙawa sau uku a rana a rufe ta a jiƙe, ita ce take farin ruɓewar nan mai ƙaiƙayi.

*SALLA DA KAYAN AIKI*

Ana yawan tambayar wannan. Kayan asibiti ba najasa ba ne don kawai an shiga da su ɗakin majinyata. Sai abin da aka tabbatar ya taɓa su. Malaman Malikiyya sun yi rangwame a jini ko mugunya da bai kai faɗin dirhami ba, amma fitsari da bayan gida sai an wanke ko kaɗan ne. A hadisin Asma'u 'yar Abubakar, Allah Ya yarda da su, an koyar da a kankare jinin da ya taɓa tufa, a cuɗa wurin da ruwa, a ɗauraye, a yi salla da ita. Wurin kawai, ba rigar duka ba. A yi da ruwan sanyi, ruwan zafi yana kama jini a jikin yadi. A sa safar hannu kuma, don jinin majinyaci yana iya ɗauke da ciwon hanta. Wanda ya fi sauƙi shi ne a ɗaura gaban leda lokacin aikin jini, kuma a ajiye zane da hijabin salla a jaka daban.

*KADA ASIBITI YA BIYO TA GIDA*

Tsarkin salla daban, ƙwayar cuta daban. Riga tana iya zama mai tsarki a shari'a amma tana ɗauke da abin da zai kwantar da yaro. Mafi kyau a tuɓe a asibiti a ƙulle a leda. Idan babu wurin canzawa, to da shigowa gida a wuce banɗaki kai tsaye, kafin a ɗauki goyo, kafin a taɓa tukunya. Yara za su rugo da oyoyo, a koya musu su jira Umma ta yi wanka.

A ware wa kayan aiki bokitinsu, kada a haɗa da na yara, kada kuma a ba ƙaramar yarinya wankinsu. Sabulu da ruwa sun isa a ranakun da aka saba. Lokacin ɓarkewar amai da gudawa, ko idan jini ya ɓata su, bayan an wanke a jiƙa su minti 30 a ruwan bilic. Duba kwalbar: idan an rubuta 3.5%, babban cokali goma a lita goma na ruwa. Kada a haɗa bilic da maganin wanke masai, hayaƙin da suke fitarwa yana ƙona huhu. Bilic yana cin launi, don haka masu kore da shuɗi su bar shi sai da dalili. A shanya a rana tsaka, a goge. Nan ma auduga ta yi gaba, domin tana jure dutsen guga na gawayi, mai roba kuwa taɓawa ɗaya ya huje.

Duk wannan ba zai yiwu da saiti ɗaya ba. Uku ne daidai: ɗaya a jiki, ɗaya a igiya, ɗaya a jaka saboda kwanan da ba a shirya ba. Idan kuɗi bai kai ba, gara saiti biyu na auduga marar ado da guda ɗaya mai tsada.

Sannan ka riƙa lura da ita idan ta dawo. Ciwon kai, jiri, ɗaurewar jijiyar ƙafa, fitsari kaɗan mai duhu kamar shayi, duk alamun ruwan jiki ya yi ƙasa ne. A ba ta ruwan gishiri da sukari: lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Idan kuwa jiki ya yi zafi rau, tana magana ba kan gado ko ta fara fita hayyacinta, wannan ya wuce jiƙe-jiƙe da tofi kaɗai. A sassauta mata kaya, a zuba mata ruwa a jiki, a yi ta fifita, kada a ɗura mata komai a baki idan ba ta iya haɗiya, a nemi abin hawa a mayar da ita asibiti a lokacin.