Tsagewa da Ɓamɓarewa a Jikin Jirgin Zaren Gilashi



Duk wanda ya san bakin Kwara a Lolo, cikin ƙasar Bagudo, inda jirage ke kai da kawowa tsakaninmu da Jamhuriyar Benin, ya san cewa mutane da buhunansu a kan katako suke ƙetare ruwa. Tun bayan hatsarin Warra ta ƙasar Ngaski, a watan Mayu na 2021, wanda ya ci rayuka masu yawan gaske, ake ta kira da a koma ga jiragen zaren gilashi. Shawara ce mai kyau. Sai dai shi ma wannan jirgi yana da nasa ciwo, kuma ciwon ɓoye ne.

Bari mu fara da ƙirarsa. Akan saƙa zaren gilashi kamar tabarma, a shimfiɗa, a jiƙe shi da wani irin danƙo, sa'an nan a ɗora wata shimfiɗar a kai, har kauri ya isa. Dabarar ba baƙuwa ba ce gare mu, domin maginin da ke cuɗa ciyawa cikin ƙasa ita yake bi: zare shi ke ɗaukar ja, danƙo kuwa shi ke riƙe zaren. To, amma tsakanin shimfiɗa da shimfiɗa babu zaren da ya ratsa, danƙo ne kurum. Nan raunin yake.

Idan jirgi ya bugi kututture, danƙon ne kan fara tsagewa. Tsagar takan bi ta tsakanin zare har ta kai mahaɗar shimfiɗu biyu, ta karkata ta bi mahaɗar tana raba su. Wannan na kira ɓamɓarewa, na aro kalmar daga yaɓen da ke rabuwa da bango bayan damina. Daga waje jirgin sumul yake, alhali bango guda mai kauri ya zama sirara biyu, waɗanda ke lanƙwashewa da ɗan nauyi kaɗan. Tsinkewar zare ita ce ta ƙarshe.

Yaya masana ke lissafa wannan tun bai auku ba? Griffith, mutumin Ingila, shi ya buɗe ƙofar a 1921. Ya nuna cewa tsaga ba ta ci gaba sai ƙarfin da abu zai saki, in ta ƙaru, ya kai wanda ake bukata don raba sabuwar fuska biyu. Watau ciniki ne, sai kuɗi sun kai farashi. Irwin na Amurka ya faɗaɗa wannan a 1957. Hanyoyin rabuwar uku ne, buɗewa da zamewa da yagewa, kowace da farashinta. Daga baya Dugdale a 1960 da Barenblatt a 1962 suka dubi bakin tsagar kansa, inda riƙo ke sassautawa sannu a hankali kafin ya saki. A kan tunaninsu ne yau ake yanyanka siffar jirgi a kwamfuta zuwa dubban ƙananan gutsattsari, a sa riƙon lissafi a kowace mahaɗa, a ɗora kaya, a ga inda zai fara saki. Da irin wannan lissafi ake auna jirgin sama kamar Boeing 787, wanda kusan rabin nauyin jikinsa haɗaɗɗen zare ne, galibi na kabon.

A ganina, inda ya kamata mu yi hattara shi ne alƙaluman da ake ba kwamfutar. A ɗakin gwaji ake samo su, ta hanyar ɓare ɗan faranti ana auna ƙarfin da ya ci. Amma ruwa yakan shiga danƙo a hankali, zafin rana yakan tausasa shi, kuma jirgin da aka shimfiɗa da hannu ba ya rasa kumfar iska a ciki. Lissafin da bai san ranar Bagudo ta watan Afrilu ba zai yi wa jirgi kyakkyawan zaton da bai cancanta ba.

Shi kuwa matuƙi a Lolo, akwai gwajin da bai fi ƙarfinsa ba. Ya ɗauki kwabo ya riƙa ƙwanƙwasa jikin jirgin, musamman ƙasa da inda ya taɓa buguwa. Wuri mai lafiya kan yi ƙara tsaf. Inda shimfiɗu suka rabu kuwa, sai a ji sautin ya dushe, kamar na fasasshiyar ƙwarya.