Abin da ya kamata ka sani kan gwada wutar mota da mita

Idan fitilar mota ta ƙi kamawa, ko hon ya yi shiru, ba lallai su ne suka mutu ba. Sau da yawa hanyar wutar ce ta yanke a wani wuri.

Mene ne wannan gwajin?

Wuta tana fitowa daga batir mai bolt 12, ta ratsa fis da makunni zuwa abin da zai yi aiki, sannan ta koma batir ta jikin ƙarfen motar. Duk inda ta yanke, aiki ya tsaya. Gwajin yana nuna maka ko hanyar a haɗe take. Ana yin sa da mita, ƙaramar na'urar awon wuta mai wayoyi biyu, ja da baƙa.

Yaya ake yi?

Kashe mota, ka cire kan batir mai alamar (−). Murɗa mitar zuwa alamar sauti, ka haɗa bakin wayoyinta biyu. In ta yi ƙara, lafiyarta ƙalau. Sai ka zaro fis ɗin da kake zargi, ka ɗora waya ɗaya a kan kowace ƙafarsa. Ƙara na nufin yana da rai. In ta yi shiru kuma ta rubuta OL, ya ƙone. Kada ka dogara da ido, domin fis kan tsinke a inda ba a gani. Haka ake gwada waya: baki ɗaya nan, ɗaya can.

In ta yi ƙara, shi ke nan?

A'a, kuma nan ne mutane da yawa suke ruɗewa. Wayar mota zare-zare ne na tagulla. Ko da duk sun tsinke saura guda, mita za ta yi ƙara, amma zaren nan ɗaya ba zai iya ɗaukar wutar fitilar gaba ba. Tsatsa a mahaɗa ma haka take yi. Irin wannan sai mai gyaran wutar mota ya auna raguwar wuta alhali abin yana kunne.

Ina ne ba a taɓawa?

Wayoyin jakar iska ta kariya, waɗanda galibi mahaɗarsu rawaya ce. 'Yar wutar da mita ke turawa tana iya tayar da ita. Ƙwaƙwalwar mota ma ka bar wa gwani.

Nawa zai ci?

Ƙaramar mita ba ta kai kuɗin sabon batir ba, fis kuwa ya fi komai araha. In za ka canja shi, ka sa mai lamba ɗaya da tsohon: ja 10 ne, shuɗi 15, rawaya 20. Don Allah kada ka yarda a ɗaura maka waya a madadinsa, domin hakan na iya sa mota ta kama da wuta.